Farin Tawul ɗin Jakadan Imligarh

Duk wanda ya ce garinmu Imligarh bai haifi babban mutum ba, to bai taɓa hawa bene na biyu a ofishin majalisar gari ba. Can ƙarshen baranda, gaba da ɗakin ajiye tsintsiya, akwai wata ƙofa mai allon tagulla da ake gogewa kowace safiya. A bayan ƙofar nan Dwarka Prasad Mathur yake zama, Mataimakin Jami'in Tarbar Manyan Baƙi, bawan ƙasa da ya shekara talatin da uku yana ɗauke da mutuncin garin nan a kansa bai taɓa cewa wash ba. Shi ainihin Jami'in da ake yi wa mataimakin, babu shi. Kujerar ta shekara goma sha ɗaya ba kowa a kanta. Manyan baƙin ma babu su. Amma wannan bai rage wa aikin nauyi ba, domin jiran baƙon da ba ya zuwa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma Mathur bai taɓa yin latti wajen jiran ba.

Mu 'yan Layin Rijiya, maƙwabtansa, Jakada muke ce masa. Da farko a bayan idonsa muke faɗa muna ƙyafta wa juna ido. Ranar da ya ji, sai ya gyara tsayuwa ya amsa. Da yake ba mu da wani jakadan, sai muka ci gaba da kira, har wasunmu suka manta cewa da tsokana aka fara. In dangi suka zo mana daga wani gari, kafin mu ba su shayi sai mun nuna musu ƙofar gidansa mun ce, ai a layinmu yake.

Kowa ya san a ofisoshinmu ba a fuska ake gane babba ba, a bayan kujera ake ganewa. Kujerar da aka yafa wa farin tawul, mai ita ba ya tashi ya gaishe ka, kai ne za ka rusuna. Akawu ba shi da tawul, masinja kuwa ko kujerar ba shi da ita. Tawul ɗin Mathur ya fi na kowa fari a ginin nan, har da na shugaban majalisa. Kuma shi kaɗai ne ya kai nasa wajen mai ɗinki aka rubuta masa muƙaminsa gaba ɗaya a jiki, da shuɗin zare, manyan baƙaƙe, daga wannan baki zuwa wancan. Ba a goge gumi da shi, ba a goge hannu. Duk ranar Asabar yake naɗe shi ya kai gida a wanke a sa masa sitaci, ran Litinin ya dawo da shi a hammata, mu kuma mu buɗe masa hanya.

Abu ɗaya ne ya hana wannan babban mutum sakat, wato wata ƙusa. A bangon da ke bayan kujerarsa take, shi ya buga ta da hannunsa shekarar da aka ƙara masa girma, domin ya rataya hotonsa yana gaisawa da wani babban baƙo hannu da hannu. Kowane ofishi a ginin nan yana da irin hoton nan. Hatta shugaban sashen magudanun ruwa yana da nasa, shi da wani ƙaramin minista da ya zo jaje shekarar da ruwan kwata ya malale kasuwa. Mathur kuwa, wanda tarbar baƙi ce sana'arsa, ƙusa kawai gare shi. Ta yi tsatsa ya canja ta sau biyu. Ga shi saura wata biyu ya yi ritaya.

Sai Delhi ta tuna da mu. Yanzu yayi ne, in aka yi babban taron ƙasashe ba a barin baƙi a babban birni su yi ta cin abincin otal, rarraba su ake yi gari-gari su ga ƙasa. Wasiƙa ta zo cewa wakilan ƙasashe goma sha biyu da ke taro kan sha'anin ruwa, ƙarƙashin wata minista daga wata ƙasar tsibiri, za su tsaya awa biyu a Imligarh su ga yadda garin yake tattalin ruwansa. Shugaban majalisa yana fama da neman takara, sai ya tura wa Mathur wasiƙar ya ce ya yi duk abin da ya kamata.

Wasiƙar shafi biyu ce. Mathur ya karanta na farko sau tara, ya sumbace shi sau ɗaya. Na biyun bai buɗe ba, don a iliminsa shafi na biyu na akawu ne. Babba a shafin farko yake gane komai. Kuma me ake buƙatar ganewa? A garin nan wane abin ruwa ne ya isa a nuna wa duniya in ba Ɗawisu ba? Ɗawisu shi ne gunkin siminti da ke tsakiyar shataletale, wanda aka gina bisa shawarar Mathur domin ya riƙa fesa ruwa ta baki. Ranar da aka buɗe shi ya fesa, har ya jiƙa masu kiɗa. Shekara shida ke nan bai sake ba.

Da yamma ya tara mu a ƙarƙashin darbejiyar bakin layi. An kawo masa kujera, ya yafa mata tawul, sannan ya ƙi zama ya tsaya a gabanta.

"Jama'ar Imligarh," ya ce, "lokacin da ake yi wa ƙasarmu kallon almajirar duniya ya wuce. Yau mu ne malamai, duniya ce take zuwa ɗaukar karatu. Ƙasashe goma sha biyu! Na tattauna da Delhi, Delhi ta fahimce ni. Abin da nake so ku sani shi ne, hulɗar ƙasa da ƙasa ba wasan yara ba ce. Ɗan kamfai ɗaya da aka shanya a kan igiya ya isa ya rushe yarjejeniyar shekara goma. Akuya ɗaya in ta tsallaka titi a gaban ayari, darajar kuɗinmu sai ta girgiza. Saboda haka, don kishin ƙasa, ranar Laraba ba na so a gan ku."

Muka tafa. Wallahi mun tafa, har da masu fito. Ba kullum ake ce wa mutum ɗan kamfansa yana da tasiri a siyasar duniya ba.

Washegari umarni huɗu suka fito da koriyar tawada, wadda ita ma manya kaɗai ke rubutu da ita. Na farko, a kafa koren yadi mai tsayin mutum biyu tun daga tashar jirgin ƙasa har shataletale, a rufe duk abin da ido bai kamata ya gani ba, Layin Rijiya a kan gaba. Na biyu, a kwashe duk masu tura amalanke da masu guga da masu shayi daga babban titi a kai su filin bayan tasha. Na uku, a juya ruwan famfon unguwanni zuwa bakin Ɗawisu tun daga daren Talata. Na huɗu shi ne wanda ya fi alfahari da shi: kada a sa 'yan sandan garin nan gadin yadin, don kowannensu yana da kawu ko goggo a bayansa; a kawo na wata gunduma, waɗanda ba su san kowa ba, kuma daga ƙarfe bakwai na safe kada su bar mahaluƙi ya fito, ko shi wane ne, ko me ya ce. Kalmar "ko shi wane ne" sau biyu ya ja mata layi.

Mu muka taya kafa yadin. Mu muka riƙe gora, mu muka ɗaure igiya, har muna faɗa da juna kan wanda ɓangarensa ya fi miƙewa. Mutum ya rufe ƙofar gidansa da hannunsa, ya ja da baya ya duba, ya ce madalla, yanzu ko alamarmu ba a gani.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba, matarsa Kaushalya. Ita ce shugabar matan da suka yashe tsohuwar rijiyar nan mai matakala saba'in da ke ƙarshen layinmu, wadda muka shekara arba'in muna zuba mata shara. Shekara uku suka yi suna fitar da ƙazantarmu da kwando a ka, har suka tarar da idon ruwa. Sau biyar suka rubuta wa majalisa suna roƙon motar kwasar shara, sau biyar takardar ta biyo ta teburin Mathur ya rubuta a gefenta da koriyar tawada cewa ana dubawa. Bazarar da famfo ya ƙafe wata biyu, rijiyar ce ta shayar da rabin gari. A gida in ta ɗauko zancen sai ya ce aikin mata ne, Allah ya ba da lada.

Ran Talata da yamma tana zuba masa miyar wake ta ce, "Baban Minu, watan jiya fa wata yarinya ta zo daga Delhi ta auna rijiyar nan, ta rubuta sunana a littafi. Anya baƙin nan naka ba..."

"Maman Minu," ya ce, "ƙasashe goma sha biyu ba za su hau jirgin sama don su leƙa rami ba. Ƙaro min gurasa."

Ta ƙaro masa.

Shirinsa na ranar Laraba ba shi da aibu. Zai tashi ƙarfe shida ya yi wanka, ya fita kafin bakwai, ya biya filin bayan tasha ya karɓi baƙar kwat ɗinsa mai maɓalli har wuya a wajen Nanku mai guga, ya sa ta a ofis, ƙarfe goma ya tsaya a gindin Ɗawisu da furanni a hannu. Mai hoto ya riga ya san inda zai tsaya. Jawabin maraba shafi huɗu ne, ya haddace shi har da wuraren da zai dakata a tafa.

Ƙarfe shida ya murɗa famfo. Famfo ya yi tari, ya yi shiru.

"Ina ruwa?" ya ɗaga murya daga banɗaki.

"Yana bakin Ɗawisu," in ji Kaushalya daga kicin. "Ka sauka rijiya mana, kowa can ya tafi."

Jakada ya sauka rijiya? Rabonsa da matakalar nan tun yana ɗan makaranta. Ya tsaya yana murɗa famfo yana yi masa magana, yana da tabbacin cewa bututun da ya san gidan wane ne wannan ba zai yi masa haka ba. Yana nan yana lallashin ƙarfe har ya ɗaga kai ya ga agogo ya nuna bakwai da minti goma. Ya suri naɗaɗɗen tawul ɗinsa, wanda ya kawo gida aka sake masa sitaci don wannan rana, ya sa a hammata, ya fita da singileti da zanen gida a ƙugu, silifa na kaɗa masa dunduniya.

A bakin layi, inda yadi biyu suka haɗu, wani dogon ɗan sanda yana tsaye da sanda, sunansa a ƙirji, Tejpal. Bai taɓa taka Imligarh ba sai jiya.

"Buɗe," in ji Mathur.

"Koma ciki, Kawu."

"Ka san da wa kake magana? Ni ne Mathur. Ni na sa hannu a takardar da ke aljihunka."

Tejpal ya dube shi daga silifa zuwa singileti. "Kawu, tun safe kai ne Mathur na biyar. Ɗaya ma da akuya ya zo."

Gaskiya ya faɗa, kuma da kunya nake rubuta wannan. Mun ga cewa sunan yana da ƙarfi, sai muka ɗan gwada shi. Mai kantin magani ya gwada, mai kiwon akuya ya gwada, har da wani wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda shi yake ba ku labarin nan.

"Ina katinka na aiki?" in ji Tejpal.

Katin yana aljihun kwat, kwat tana wajen Nanku, Nanku yana bayan tasha. Mathur ya ciro waya ya kira ofis, sai ya tuna shi ya ce duk ma'aikaci ya kashe wayarsa tun bakwai kada ta yi ƙara a gaban duniya. Ya juyo gare mu, mu da muka taru muna kallo. Muka yi caa, shi ne, wallahi shi ne, Jakada ne. Tejpal ya zaro takarda ya bi layi da yatsa ya karanta mana: kada a saurari shaidar mazauna unguwa, domin duk dangin juna ne.

"Wanda ya rubuta takardar nan ya san ku sarai," ya ce. "Mutum ne mai kai."

Ba a taɓa yaba wa Mathur da zuciya ɗaya irin haka ba, kuma ba shi da yadda zai yi ya karɓa.

Ya yi barazana, ya ambaci Delhi, ya ambaci shugaban majalisa, ya yi alkawarin sa a mayar da Tejpal gadin iyaka cikin dusar ƙanƙara. Har ya fara warware tawul don ya nuna rubutun, Tejpal ya ce ai tawul ba shaida ba ne, dama ban da huɗun farko wani ya zo ya ce shi ne mai yi wa Mathur wanki. Ƙarfe tara da rabi muryarsa ta dushe. Kaushalya ta zo da bokiti ta tsaya a bayansa.

"Zo ka yi wankan dai," ta ce. "In 'yan ofis suka ga ba ka nan za su zo nemanka. Kada su same ka da warin jiya."

Haka Jakadan Imligarh ya sauka matakala saba'in. Mata suna ta ɗiban ruwa a ɓangarensu, suka ga shi suka yi kamar ba su gan shi ba, wanda hakan ya fi dariya ciwo. Ya tsaya a dakalin da maza ke wanka, can ƙasa dab da ruwa. Ya ajiye farin tawul a kan wani busasshen dutse, ya share wurin da hannu kafin ya ajiye. Ruwan kuwa sanyi ƙarara, garau, har ana ganin ƙasansa. Ya lura da hakan.

Yana cikin kumfa ya ji jiniya. Ta taho daga wajen tasha, ta bi ta bayan koren yadi, ta wuce. Can daga shataletale ya ji 'yan badujala sun saki kiɗa. Ba wanda ya zo nemansa. Ya tsaya da sabulu a hannu bai motsa ba, kuma a nan, ni da nake leƙe daga sama, na ji tausayinsa ya kama ni sosai. Shekara talatin da uku mutum yana jiran mota ɗaya, ga ta ta wuce shi yana cikin rami.

Sai kiɗan ya yanke a tsakiya. Jiniya ta sake tashi, amma wannan karon dawowa take.

Daga baya muka ji abin da ya faru. Ayarin ya tsaya a shataletale, Ɗawisu ya fesa ruwan unguwa takwas sama, baƙi suka duba cikin ladabi. Sai wata matashiyar jami'a daga Delhi mai suna Nandita Rao, wadda take jagorantarsu, ta tambayi ina rijiyar. Aka yi ta kallon-kallo. Ta buɗe shafi na biyu ta karanta musu: rijiya mai matakala, Layin Rijiya, a nemi Kaushalya Mathur. Ta dubi taswirar wayarta, ta dubi koren yadi, ta ce wa direba ya juya.

Tejpal bai yi gardama ba. Takardarsa cewa ta yi kada kowa ya fito, ba ta ce kada kowa ya shiga ba. Ya ɗage yadi ya sara.

Ƙasashe goma sha biyu suka shigo layinmu a ƙafa. Suka bi ta ƙarƙashin igiyoyin shanya, 'yan kamfanmu na kaɗawa a kansu, ba yarjejeniyar da ta rushe. Akuya ta tsallaka a gabansu, wani bature ya tsuguna ya ɗauke ta hoto. Mu kuwa da aka ɓoye, duk da kayan biki muke, domin tun asuba kowa ya ci ado ya huda yadi daidai idonsa. Mata da gwala-gwalai, tsofaffi da rawani mai sitaci. Muka bi bayansu ɗuu zuwa bakin rijiya, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya shiga hoto.

Mathur ya ɗaga kai ya ga sama ta cika da mutane. A gaba wata dattijuwa mai furfura da doguwar riga mai furanni tana saukowa a hankali, tana dafa bango. Ya zabura zai miƙe tsaye yadda doka ta tanada, santsin sabulu ya kwashe shi, ya kai hannu ya kama dutse, zanen da ke ƙugunsa ya zame ya faɗa ruwa ya yi gaba abinsa. Abu ɗaya ne kawai hannunsa zai iya kaiwa. Ya fizge shi ya naɗa.

To, tawul ɗin kujera don kujera aka yi shi. Kujera kuma ba ta da tumbi. Bakin nan da bakin nan suka ƙi haɗuwa balle a ɗaure, sai da ya kai hannu biyu baya ya riƙe kowane ɓangare gam. Ta gaba kuwa komai ya rufu lafiya, shuɗin rubutu ya miƙe sambal daga wannan ƙugu zuwa wancan.

Nandita ta gabatar da Kaushalya. Ministar ta yi ta tambaya, kwando nawa, mata nawa, wa ya nuna musu inda idon ruwan yake. Kaushalya tana amsawa da jiƙaƙƙen hannu, Nandita tana fassarawa. Aka ɗebo ruwa a kofin tagulla, ministar ta sha ta lumshe ido. Sannan ta juya ta ga wani mutum a dakali, kumfa a kunne, ya ƙame kamar soja.

"Wannan fa?"

"Mijina ne," in ji Kaushalya.

Nandita ta sunkuyar da kai ta karanta tawul. "Au, kai ne Yallaɓai Mathur? Sau uku na kira ofishinka a kan rijiyar nan, aka ce kana ganawa."

Ta fassara wa ministar muƙamin kalma bayan kalma, har ƙarshensa. Fuskar dattijuwar ta washe. Ta ce ta zaga ƙasashe da yawa, an nuna mata madatsun ruwa da famfuna iri-iri, amma yau ne karo na farko da ta ga jami'in gwamnati yana amfani da abin da ake nuna wa baƙi. Ta ce in ta koma gida za ta ba ma'aikatanta labarinsa. Muka ɓarke da tafi, matakala saba'in suka amsa.

Sai ta tako har bakin dakali ta miƙa masa hannu.

Ga shi nan, hannun. Na minista, daga ƙetaren teku, a gaban ƙasashe goma sha biyu, masu hoto biyar sun saita. Mathur ya dubi hannun. Ya ɗan sassauta yatsun dama, ya ji iska ta taɓa shi inda bai kamata ba, ya mayar da sauri. Ya yi tunanin haɗa tafuka a ƙirji irin gaisuwarmu, ya tuna ita ma hannu biyu take ci. Gumi ya fito masa a kan kumfa. Da ya rasa abin yi sai bakinsa ya kama aiki shi kaɗai.

"Mai girma minista, manyan baƙi, a madadin tsohon gari mai daɗaɗɗen tarihi, wanda a yau duniya ta zo ɗaukar karatu..."

Nan ne wurin dakatawa na farko, ya dakata. Ba wanda ya tafa. Hannun yana nan a miƙe.

Kaushalya ta goge tafinta a gefen zanenta na sari, ta matso ta kama hannun ministar ta riƙe da kyau. Fitilun masu hoto suka haska gaba ɗaya.

"Ki yi masa haƙuri," ta ce. "Hannunsa a cike yake da aikin ofis."

Nandita ba ta fassara wannan ba, tari ya sarƙe ta.

Baƙi suka tafi kafin azahar. Ba a kai la'asar ba mun yayyanke koren yadin, kowa ya ja rabonsa. Har yau in ka hau soro a layinmu za ka ga rumfunan da muka yi da shi. Ruwan famfo bai dawo ba sai ran Juma'a, don ba wanda ya tuna ya rubuta umarnin mayar da shi.

Ran Alhamis hoton ya fito a shafin farko na jaridar jiha, rabin shafi guda, mai launi. Kafin ƙarfe takwas mun saye ta kaf, kowa yana neman gwiwar hannunsa ko gefen rawaninsa a can saman matakala. Ni kunnena ne ya fito, kuma na sa an yi masa firam. A ƙarƙashin hoton an rubuta sunan ministar, da sunan Kaushalya Mathur, shugabar matan rijiya, sannan aka ce a gefe wani mazaunin unguwa ne da ya zo wanka. Mathur ya sha yin ƙorafin cewa jaridu ba sa rubuta muƙaminsa cikakke. Wannan karon ba su rubuta ba ma sam, kuma ba a buƙata. Mai ɗinkin nan ya iya aikinsa, daga nesa ana karanta kowane harafi.

Ya ɗauki hutun rashin lafiya na kwana uku. Ran Litinin ya hau bene na biyu da sabon tawul a hammata, fari fat, ba rubutu. Ya buɗe ƙofa ya tarar 'yan ofis sun riga shi. Sun haɗu sun yi wa hoton firam mai ruwan zinariya, sun rataya masa a ƙusar, har da zagayen furanni. Shugaban sashen magudanun ruwa yana tsaye a gaban hoton, hannu a baya, yana dubawa kamar mai sayen saniya.

"Naka ya fi nawa, Jakada," ya ce. "Ni a nawa sai na yi wa mutane bayanin ko ni wane ne."